Salanieta da Takardar Tashin Jirgi

Ni makanike ne. Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin injin Dilio, jirgin sintirin sojan ruwanmu, kuma a duk tsawon shekarun nan sau uku kacal inji ya hana mu barin gaɓa. Taubashiyata Salanieta kuwa, wadda ba ta san bambancin sufana da filaya ba, ta hana mu tashi ya fi sau talatin.

'Yar kawuna ce, wan mahaifiyata. A Lomaike aka haife mu, tsibirin da in ka bar birni da tsakar rana sai gari ya waye kafin ka hango bishiyoyin kwakwarsa. Ta girme ni da shekara biyu, kuma har yau ba ta bari na manta ba. Tun muna yara halinta ya fito. In mun ga kwakwa ta ƙosa sai mu yi rige-rigen hawa, ita kuwa ta tsaya a gindi ta riƙe ƙugu tana tambayar bishiyar wa ce, wa kuma ya ce mu hau. Babu mai amsa mata. In mun sauko da kwakwar ba ta sha. In kuwa aka kama mu, ita ce mai jera sunayenmu, har da wanda ya fara hawa.

Tana da shekara goma sha tara ta tafi birni ta koyi buga tafireta, aka ɗauke ta akawu a ma'aikatar da ke kula da sojoji. Wanta Semesa ya riga ta zuwa, yana ƙaramin sojan ruwa. Ni na biyo bayanta da shekara uku.

Ga yadda tsarin yake. Ni ina ƙarƙashin kyaftin, kyaftin yana ƙarƙashin kwamandan sojan ruwa, kwamanda yana ƙarƙashin babban hafsa. Daga nan kaki ya ƙare. A saman babban hafsa akwai minista, farar hula, mutumin da jama'a suka zaɓa, wanda sau da yawa bai san gaban jirgi da bayansa ba. Sintirin yau da kullum da ceton wanda ya ɓace a teku, waɗannan ba sai an tambaye shi ba. Amma ɗaukar kaya, ko ɗaukar mutane, ko shiga ruwan wani ƙauye, ko taimaka wa 'yan sanda, doka ta ce sai da sa hannunsa. Haka dokar take tun asali. Sai dai lokacin da muka fara aiki babu wanda ya damu da ita, waya kawai ake bugawa.

A shekarata ta biyu wani mai otal ya yi rigima da masuntan wani ƙauye. Ya ce suna damun baƙinsa, su kuma suka ce tun kakanninsu a nan suke jefa taru. Wata Talata aka ce mu kunna inji. Babu takarda, waya ce ta zo daga sama. Da muka isa aka sauke ƙaramin jirgi mai inji, aka ba Semesa tuƙi, aka ce ya kore su. Ya kutsa tsakanin kwalekwalen, ɗaya ya kife, farfela ta kama ƙafar wani dattijo. An ceto ransa, ƙafar kuwa sai da aka yanke.

Aka kafa kwamitin bincike, kuma Salanieta ce aka ba aikin buga duk abin da aka faɗa. Kwana tara tana zaune a kusurwa tana bugawa. Ministan lokacin ya ce shi bai ba da umarni ba, ya dai ce a duba lamarin. Babban hafsa ya ce damuwar minista kawai ya isar. Kwamanda ya ce shi ya fahimci ana son a yi wani abu. Kyaftin ya ce umarni ya bi, amma ya kasa nuna shi a rubuce. Da aka gangaro ƙasa, mutum ɗaya ne ya rasa abin musu, wanda hannunsa ke kan tuƙi. Semesa ya yi shekara biyu a kurkuku, aka kuma kore shi daga aiki. Da ya fito ya koma Lomaike yana noman gwaza, bai ƙara tuƙa jirgi ba har ya rasu.

Ƙanwarsa ce ta buga hukuncin, kwafi huɗu. Ban ga hawayenta ba. Abin da na gani shi ne bayan wata shida ta nemi a mayar da ita teburin littafin umarni, teburin da kowa ke gudu don babu komai a kansa sai zagi. Aikin shi ne duk takardar da minista ya sa wa hannu a shigar da ita littafi, a ba ta lamba, a buga hatimi, sannan a kai wa jirgi. Kyaftin-kyaftin kuwa sun ga abin da ya sami Semesa, suka daina tashi in ba su ga lamba ba. A kan teburin nan ta zauna shekara talatin da ɗaya.

Ka zo ka ga yadda muke shan wahala. Mun tashi tun da sassafe, inji ya ɗumama, an kwance igiya ɗaya, matasan sojoji sun jeru a rana gumi na zuba, kyaftin yana kai da kawo yana duba agogo. Sai can wajen sha ɗaya ka hango ta ta sauko daga bas, lema a hannu ɗaya, jaka a ɗaya, tana takawa kamar mai zuwa coci da wuri. Ba ta yarda ta ba masinja takardar ba, da kanta take kawowa.

In na leƙo daga ƙasa in ce, "Sala, ruwa ya janye, sai yanzu?"

Sai ta ce, "Baƙin Mai, koma raminka. Da manya nake magana."

"Awa huɗu inji yana cin mai!"

"Wa ya ce ka kunna? Nuna min takardar."

Matasan su kwashe da dariya, su karɓar mata jaka suna "Sannu da zuwa, Gwaggo Sala." Su abin dariya ne a wurinsu, don ba su ne a cikin zafin ɗakin inji ba.

Ministoci goma sha ɗaya ta gani. Akwai wani likitan haƙori da ya zo duba jirgi ya yi amai alhali muna ɗaure a gaɓa. Akwai wanda ya tambayi kyaftin me ya sa ba ma kashe inji a gangara don tattalin mai. Mutanen da rayuwarmu ke hannunsu ke nan. Na taɓa ce mata, "Ke yanzu don Allah, wannan ne zai faɗa wa Kwamanda inda zai kai jirgi?" Ta ce, "Shi aka zaɓa. In bai yi maka ba, ka je ka yi layi ka zaɓi wani. Kwamandanka in bai yi maka ba, ina za ka yi layi?"

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da ba na so. Akwai ministan da ya aiko a shirya Dilio ta kai surukansa biki wani tsibiri. Ta buga takardar tsaf, ta rubuta dalilin tafiya kamar yadda yake, kai surukan minista biki, ta jera sunayensu goma sha huɗu, ta kai masa ya sa hannu. Masinjan ofis ya ce mutumin ya karanta sau biyu, ya ce ba za a iya rubuta ziyarar aiki ba? Ta ce, "Ranka ya daɗe, wane aiki za su yi in rubuta?" Surukan a jirgin haya suka tafi. Wannan ranar na ji daɗinta. Ban dai faɗa mata ba.

Sai shekarar fari. Wata biyar ba a yi ruwan kirki a Lomaike ba. Tankunan da ke tarar ruwan sama daga rufin kwano suka bushe ƙarƙaf, rijiya ɗaya da ta rage ruwanta ya koma gishiri-gishiri. Dagaci ya aiko saƙo ta rediyo cewa yara sun fara zawo. Jirgin dakon da ya saba kai ruwa yana wurin gyara, sai aka ce mu. Ranar Alhamis muka wuni muna lodi, manyan tankunan roba a bayan jirgi, jarkoki ɗari huɗu a ko'ina, har a gadajenmu. Shirin shi ne mu tashi Juma'a da tsakar rana, mu shiga mashigar Lomaike Asabar da safe lokacin da teku ya cika.

Da yammacin Alhamis ɗin nan aka yi wa ministoci garambawul. Aka sauke namu, sabon kuma sai Litinin za a rantsar da shi. Wanda aka ba riƙon ƙwarya ministan noma ne, shi kuwa ya tafi ƙauyensu can cikin duwatsu, jana'izar baffansa. Takardarmu tana kan tebur, an buga ta, babu sa hannu.

Kwamandanmu a lokacin Ledua ne, mutumin kirki, ba mai hayaniya ba. Juma'a da safe ya kira ni ya ce in bi shi ma'aikata, tunda 'yar'uwata ce wataƙila ta ji maganata. Na ce masa, "Yallaɓai, tun ina ɗan shekara biyar ba ta taɓa jin maganata ba." Ya ce in dai zo.

Muka same ta a teburinta, littafin a buɗe, takardar a gefe.

Kwamanda ya ce, "Malama Salanieta, na san doka, ni ma na karanta ta. Lamba kawai za ki ba ni. Ranar Litinin sabon minista ya sa hannu, mu cike gurbin."

Ta ce, "In bai sa ba fa, yallaɓai?"

"Wane mahaukaci ne zai ƙi sa hannu a kan ruwan sha?"

"Ban san shi ba tukuna. Kai ka san shi?"

Na kasa haƙuri. Na ce, "Sala, Inna Kelera tana can. Mahaifiyarki. Shekararta saba'in da huɗu."

"Da shida. Ko shekarun matar kawunka ba ka sani ba."

"Ruwan gishiri take sha!"

"Na sani, Inoke. Ni na karɓi saƙon, ni na buga takardar. Kana jin ka fi ni damuwa ne?"

In ta kira ni da sunana na gaskiya, to ranta ya ɓaci. 

Kwamanda ya ce, "To ni zan ɗauki nauyin. Zan ba kyaftin umarni da bakina."

Ta ce, "Kai ke da iko a kan kyaftin, yallaɓai, ba ni ba. In ka ce ya tashi zai tashi. Ni dai ba zan rubuta a littafin nan cewa an sa hannu alhali ba a sa ba. Ka san mashigar Lomaike. Jirgi ya yi nauyi da ruwa, in ya zauna a kan dutse za a tambayi wanda ya aike shi. Kai za ka ce kai ne, na yarda da kai. Wanda zai gaje ka fa? Yau ruwa ne. Wata rana wani zai zo da nasa dalilin, ya ce min ai an taɓa yi."

Kwamanda ya tsaya yana kallon fankar da ke juyawa a sama. Ni kuwa ji nake kamar in ɗauki littafin in wurga ta taga. Can ya ce, "To me kike so a yi?"

"A ba ni mota."

Direban Kwamanda yana hutu, saboda haka ni aka ba makulli. Lissafinmu awa uku zuwa, awa uku dawowa, jirgi ya tashi da la'asar. Ta zuba littafin da hatimi da takardar a jaka, ta sa muka biya ta gidanta ta sako baƙar riga, sannan muka biya kasuwa ta sayi damin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a wurin taro, don ba a shiga ƙauyen mutane hannu rabbana, balle gidan makoki. A kasuwar ma sai da ta juya dami uku kafin ta zaɓi ɗaya. Ina ta danna ham tana yi kamar da wani nake.

Hanya ba ta da kyau, muka isa ƙarfe ɗaya saura. Mamacin dagaci ne, garin ya cika maƙil. Aka zaunar da mu a rumfa tare da baƙin da suka riga mu, ƙungiya huɗu, kowace sai mai magana da yawunta ya miƙa yangona ya yi jawabi, mai magana da yawun gari ya karɓa ya yi nasa jawabin, a tafa, a jiƙa, a sha. Na raɗa mata cewa mu bi ta bayan ɗakin mu kira minista gefe. Ta ce, "A gidan makoki? Kai ba a yi maka tarbiyya ba ne?" Awa biyu da rabi muna zaune a tabarma, ƙafafuna suka mutu. Da layi ya zo kanmu ta zungure ni, wai ni ne namiji, ni zan yi jawabi. Na yi mafi gajartar jawabin da aka taɓa yi a garin nan. Wani tsoho ya ɗago ya dube ni kamar na zagi gawar.

Minista yana zaune can ƙuryar babban ɗaki cikin dattawa. Salanieta ta durƙusa ta ja gwiwa a kan tabarmi tun daga ƙofa har gabansa, jaka a hammata. Ta yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta zaro takardar.

Ya ce, "Baiwar Allah, a nan? Ba za ta jira Litinin ba?"

"Ba za ta jira ba, ranka ya daɗe."

"Ni rogo da shanu na sani. Ban san komai a kan jirgin soja ba. Jiya da yamma aka ce min in riƙe."

"Ba sai ka san jirgi ba. Masu jirgi sun san aikinsu. Kai dai za ka ce a je ko kada a je."

Ya sa tabarau ya karanta. Ya ce, "In na sa hannu jirgin ya yi karo da dutse fa?"

"Sunanka ne a kai."

"In ban sa ba?"

"Sai in rubuta a littafi cewa na kawo maka ƙarfe uku da rabi, ka karanta, ka ce a bari."

Dattawan da ke kusa suka sunkuyar da kai, ɗaya yana tari don ya ɓoye dariya. Minista ya laluba aljihu, babu biro. Ta miƙa masa. Ya sa hannu, ta buɗe littafin a kan cinyarta ta ba takardar lamba, ta hura wa hatimi iska ta buga, ta gode masa, ta ja da baya a kan gwiwa.

Abin da ya biyo baya ba na son faɗarsa, amma ita tana faɗa wa kowa, gara ku ji daga bakina. Babu sabis ɗin waya a kwarin nan. Mun yi tafiyar minti arba'in sai belin fankar motar ya tsinke, inji ya yi zafi ya tsaya. Babu wani a but. Na ɗaura igiya, ta tsinke. Na yanka ɗamarata na ɗaura, ta kai mu mil biyu. Tana zaune a gefen hanya ƙarƙashin lemarta ta ce, "Ashe dai inji ne ya tsayar da mu." Na ce ni makaniken jirgi ne, ba na mota ba. Ta ce, "Haka za ka faɗa wa Inna." Bas na ƙarshe ya riga ya wuce. A gidan wani fasto muka kwana, muka hau bas na farko da safe. Da muka hau tudu waya ta kama, ta kira Kwamanda ta karanta masa lambar. Amma abokin aikina yana kwance da zazzaɓi, kyaftin ya ce ba zai yi tafiyar awa goma sha takwas babu makanike ba. Sai Asabar da tsakar rana Dilio ta bar gaɓa, kwana guda cur bayan lokacin da aka tsara. Salanieta tana ciki. Ta ƙara sunanta a takardar tun kafin a sa hannu.

Muka isa Lomaike Lahadi da safe ana kaɗa gangar coci. Fasto ya aiko cewa a jira a tashi daga sujada. Kyaftin ya cire hularsa ya buga a gwiwa ya ce shi wannan makon kowa ma shugabansa ne. Amma mata ba su jira fasto ba. Ana cikin waƙa ta biyu suka fara sulalewa da bokitai, kafin a yi wa'azi cocin ya rage maza da tsofaffi.

Labari ya riga mu isa, don mai rediyon jirgi ba ya riƙe magana. Kowa ya san wanda ya tsayar da ruwa. Ba su yi maganar belin fanka ba, ni kuma ban tuna musu ba. Inna Kelera ta zo bakin teku tana dogara sanda, leɓunanta sun tsage. Ta dubi 'yarta sama da ƙasa ta ce, "An ce takarda kika tsaya nema. Kin kawo ta in jiƙa in sha?"  Salanieta ta ɗauki jarka biyu ta nufi gida da su, ta dawo ta ɗauki biyu, haka har yamma.

Babu wanda ya mutu. Amma akwai jaririyar Apisai malamin makaranta, 'yar wata bakwai, wadda zawo ya kama tun ranar Juma'a, idanunta sun faɗa. Ma'aikacin jinyarmu ya duba ta ya ce sai asibitin birni. Aka ba uwar da jaririyar ɗakin kyaftin muka juyo. Teku ya tashi a hanya. Salanieta ba ta jure jirgi, tana amai a bokiti, amma ta zauna a ƙasa a ƙofar ɗakin nan duk tsawon hanya, ta ƙi zuwa ta kwanta. Na hau na kai mata shayi. Na yi niyyar in faɗa mata duk abin da ke cikina, na ma shirya kalmomin tun daga ƙasa. Da na ga fuskarta sai na ajiye kofin na koma.

Yarinyar ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti ta warke. Apisai bai ƙara gaishe da Salanieta ba. In sun haɗu a hanya sai ya juya yana kallon teku. Shekaru da yawa mutanen garinmu in sun zo birni gidana suke sauka, ba gidanta ba, alhali nata ya fi nawa faɗi. Ba ta taɓa yi min ƙorafi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kuskure ba. Na tambaye ta sau ɗaya, in abin ya sake faruwa me za ta yi. Ta ce za ta nemi direban da ya iya mota.

Mako biyu da dawowarmu ta buga wata takarda, shafi ɗaya. Abin da ke ciki shi ne minista ya ba kwamanda izini na dindindin cewa in fari ko guguwa ko annoba ta auka wa wani tsibiri, jirgi ya tashi da ruwa da abinci da magani ba sai an jira ba, a sanar da minista cikin kwana ɗaya, kuma ban da makami. Ta nuna wa Kwamanda Ledua, ya ce ko waƙafi ba zai canja ba. Ya miƙa wa babban hafsa, babban hafsa ya miƙa wa ma'aikata, takardar ta dawo teburinta don ta kai wa minista.

Sabon ministan ya ce zai duba. Shekara ɗaya da rabi yana dubawa, har aka sauke shi. Na bayansa ya ce a kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna sau biyu, ya ba da shawarar a tura wa lauyoyin gwamnati. Lauyoyi suka riƙe wata tara suka dawo da ita sun canja kalma ɗaya. Duk ranar Litinin ta farkon wata Salanieta tana ɗora takardar a saman fayilolin minista, duk ranar Juma'a ta same ta a ƙasa. Ledua ya yi ritaya ba a sa hannu ba. A tsakanin nan guguwa ta yi ɓarna a tsibiran arewa, muka sake zaman jiran awa bakwai da buhunan shinkafa a jirgi, don minista yana buɗe gada. Na je ofishinta da kayan aikina duk baƙin mai, na ce, "To ga dokarki nan!" Ta ce, "Kada ka zauna min a kujera."

A shekara ta huɗu aka naɗa wata mata minista, tsohuwar ungozoma daga yamma. Litinin ɗinta ta farko ta ga takardar, ta karanta a tsaye, ta ce a kira wanda ya rubuta. Ta tambayi Salanieta me ya sa ban da makami. Salanieta ta ce, "Ranki ya daɗe, ruwa ko wa ya kai shi ruwa ne. Bindiga kuwa gara a san wanda ya ce a ɗauka." Ta tambayi tun yaushe takardar ke yawo. Da ta ji, sai ta ce, "Shekara huɗu? Shafi ɗaya?" Ta sa hannu nan take. Bayan wata biyar wani tsibiri ya aiko neman ruwa, muka tashi cikin awa biyu. Ina ƙasa ina sauraron inji, ban ma yarda mun bar gaɓa ba sai da na hau na gani.

Ranar da ta yi ritaya aka yi mata ɗan taro a ma'aikata, da shayi da burodi mai kwakwa. Babban baƙo ya makara da awa ɗaya, ya kira ta Salote sau uku a jawabinsa, ta gyara masa sau uku. Sojojin ruwa suka zo da kakinsu fari suka yi mata waƙar bankwana, ta ce na biyu daga hagu maɓallinsa ya cire.

Ba ta koma Lomaike ba. Tana nan bayan gari a ɗan gidanta, gwiwoyi sun ƙi, tana ɗinka wa matan cocinsu riguna. Duk Laraba ina kai mata kifi, duk Laraba tana cewa ƙanana ne. Makon jiya ta ce keken ɗinkinta yana tsallake zare, in duba. Na wuni a kansa tun safe, tana zaune a kaina tana cewa ba nan ba ne, ka juya ɗaya gefen, kada ka ɓatar min da ƙusa. Da na gama ta gwada a ƙyalle, ta ce ba laifi. Ta kawo min shayi babu sukari, wai matata ta faɗa mata abin da likita ya ce. Na ce ko rabin cokali. Ta ɗauke gwangwanin ta sa a bayanta. Haka na sha shi.